A HORAR DA MALAMI KAFIN A RABA NA'URA

A ƴan shekarun nan da wuya a yi taro kan sha'anin ilimi, a Yamai ko a manyan biranen jahohi, ba a tado zancen intanet da kwamfuta da salula ba. Wasu suna cewa da zarar an raba wa yara na'urori, to matsalar makaranta ta ƙare. Wasu kuwa suna ganin abin wasa ne da ɓata lokaci, gara yaro ya riƙe allonsa da allinsa kamar yadda iyayensa suka riƙe. Mu a namu ra'ayi, waɗannan kaya suna da amfani, kuma lokaci ya yi da za su shiga makarantunmu, amma bisa sharaɗi guda: su fara shiga hannun malami, a koya masa aiki da su sosai, sa'an nan su kai ga ɗalibi. Za mu kawo dalilanmu, domin maganar ta shafi kuɗin ƙasa, ta kuma shafi ƴaƴan kowa.

Bari mu fara da halin da ake ciki. A shekarar 2014 an yi binciken da ake kira PASEC, wanda ya gwada ɗaliban firamare a ƙasashe 10 na Afirka masu aiki da Faransanci. A Nijar an tarar cewa cikin yara 10 da suka kai ajin ƙarshe, fiye da 9 ba su kai matakin da ake bukata ba wajen karatu da fahimtar abin da suka karanta. Da aka sake binciken a 2019 an ga ci gaba, amma duk da haka mafi yawan yaran suna ƙasa da matakin. A shekarar 2017 kuma hukuma ta yi wa dubban malaman kwantiragi jarrabawa, sai ya kasance mafi yawansu ba su sami rabin maki ba. Ba mu kawo wannan don mu ci zarafin kowa ba. Da yawa daga cikin malaman nan an ɗauke su ne cikin gaggawa tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da yawan yara ya fi ƙarfin makarantun horar da malamai, aka tura su ƙauyuka da ɗan horo kaɗan ko babu. Wanda aka aika rijiya ba guga, ba a tambayarsa ina ruwa. Saboda haka duk wata sabuwar dabara da aka kawo, tambayar farko da ya kamata a yi ita ce: shin za ta taimaki wannan malami ya iya aikinsa?

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga shigar da na'ura cikin aji. Dattawa za su tuna da talabijin ta makaranta, wadda aka fara a Yamai a shekarar 1964 tare da taimakon Faransa, tun ƙasashe da yawa ba su yi tunanin haka ba. A 1966 aka faɗaɗa ta zuwa wajen azuzuwa 20, da yara kimanin 800. Ana shirya darussa a Yamai, a watsa su guntu-guntu cikin yini, yara suna kallo a akwati. Masu kula da azuzuwan kuwa samari ne da ba su yi zurfin karatu ba, aka ba su horo na ɗan lokaci, aka kuma riƙa aika musu takardun da ke bayyana abin da za su yi kafin darasi da bayansa. Yara sun so makarantar, kaɗan ne suka bar ta, baƙi suka riƙa zuwa daga ƙasashen waje don su gani. Tun a wancan zamani aka gwada kunna akwatunan da hasken rana a wasu ƙauyuka.

To me ya hana abin ya ɗore? Shirin ya tsaya a azuzuwa kaɗan idan aka kwatanta da yawan makarantun ƙasa, kuɗinsa da ƙwararrunsa sun dogara ƙwarai ga taimakon waje, kuma bai haɗu sosai da sauran tsarin makarantu da jarrabawarsu ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 aka dakatar da shi, kayansa da ma'aikatansa suka zama tushen gidan talabijin na ƙasa. Haka aka yi a Kodibuwa, inda aka fara irin wannan shiri a 1971 da ƙarfi fiye da namu, aka rufe shi a farkon shekarun 1980 bayan iyaye da malamai sun nuna rashin amincewa. Darasin da muka samu ke nan daga gida: akwati yana iya kawo darasi mai kyau daga nesa, amma in ba a shirya mutumin da ke tsaye gaban allo ba, ba a tanadi kuɗin gyara ba, ba a kuma shawo kan iyaye ba, ranar da mai taimako ya naɗe tabarmarsa abin ya mutu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da aka gani a ƙasashen waje ya ƙara tabbatar da haka. Ƙasar Peru, a kudancin nahiyar Amurka, ta sayi dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci ta raba wa yaran firamare tun daga 2008, ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. A 2012 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi a makarantun karkara 319. Bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa na'urar, amma ƙoƙarinsu a lissafi da harshe bai fi na yaran da ba a ba su ba. An kashe dukiya mai yawa, yadda ake koyarwa kuwa bai canza ba.

Ƙasar Kenya ta bi wata hanya. A 2013, a yankin Kisumu, aka gwada dabaru uku: a wasu makarantu aka ba kowane yaro na'urar karatu, a wasu aka ba malami ƙaramar kwamfuta ta hannu, a wasu kuma aka ba jami'in da ke zagayawa yana duba malamai yana ba su shawara. Dukansu an haɗa musu da horon malamai da littattafai. Karatun yara ya ƙaru a duka ukun, ba tare da wani babban bambanci ba, amma raba wa kowane yaro na'ura ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Saboda haka da aka fara shirin ƙasa mai suna Tusome a 2015, sai aka ba yara littattafai na takarda, aka ba malamai jagoran darussa, aka ba masu duba malamai na'urar. Jami'i zai zauna bayan aji ya kalli darasi, ya sa wasu yara su karanta ya auna, ya shigar da abin da ya gani, sa'an nan ya zauna da malami su tattauna inda aka yi daidai da inda ke bukatar gyara. Ma'aikata kuma tana ganin wace makaranta aka ziyarta, wacce ba a je ba. Wannan hanya ta fi dacewa da aljihun ƙasa irin tamu.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, akwai hujja daga wajenku. A 2009 da 2010, a ƙauyuka fiye da 100 na jahohin Doso da Damagaram, an gudanar da shirin da aka sani da suna ABC. Dukan ɗalibai sun yi karatun manya da Hausa ko Zabarmanci kamar yadda aka saba, amma a rabin ƙauyukan aka ƙara koya musu amfani da salula mai sauƙi: gane lambobi da haruffa a kanta, buga kira, rubuta saƙo. Mutum biyar ne ke tarayya a kan salula guda. Da aka gwada su, sai waɗanda suka koyi salula suka fi sauran a rubutu da lissafi, kuma bambancin bai gushe ba watanni bayan rufe aji. Dalilin a fili yake: wanda ya iya aika wa ɗansa da ke ci-rani saƙo, ko ya tambayi farashin hatsi a kasuwa, ya sami dalilin yin rubutu kowace rana, ba zai manta ba. Bayan haka, daga 2014, a jahohin Maradi da Damagaram aka gwada wata dabara da ta fi wannan sauƙi: kowane mako a buga wa malamin karatun manya salula, a buga wa mai gari da ɗalibai biyu, a tambaye su yaya aji ke tafiya. Ba a ƙara wa malami ko dala ba, amma ɗalibai suka ƙara ƙoƙari. Malamin da ya san ana tunawa da shi ya fi ba da himma.

Yanzu mu zo ga batun wasa, wanda shi ne ya fi tayar wa iyaye hankali. Mu tuna cewa koyo ta hanyar wasa gadonmu ne. Mai buga dara yana da gurabe 30 a ƙasa da ƴaƴa 12 a hannu, yana ƙidaya, yana hangen abin da abokin karawarsa zai yi kafin ya yi, yana neman jera uku don ya ci. Yarinya mai ƴar carafke tana ƙirga tsakuwa ba tare da an ce mata lissafi take yi ba. Kacici-kacici da tatsuniya da dare suna wasa ƙwaƙwalwa, suna koya wa yaro kalmomi da iya magana. Abin da ke cikin wasa mai amfani ga koyo abu uku ne. Yaro yana maimaita abu sau da yawa ba ya gajiya. Yana sanin nan take ko ya yi daidai ko ya yi kure. Kuma kuren ba ya jawo masa bulala ko dariyar ƴan aji, sai ya sake gwadawa. Malami guda da ke gaban yara 70 ko 80 ba zai iya ba kowane ɗaya wannan kulawa ba, na'ura kuwa tana iyawa.

Akwai misalin da ya kamata jami'an ilimi su sani. Masana na jami'ar Jyväskylä ta ƙasar Finlan sun ƙirƙiro wani wasa mai suna GraphoGame: yaro yana jin sauti a kunne, ya zaɓi harafin da ya dace a kan allon salula, in ya ƙware a haruffa wasan ya kai shi ga gaɓoɓi, daga nan zuwa kalmomi. An gwada shi a makarantun Lusaka ta ƙasar Zambiya da harshen Nyanja, aka tarar ya fi amfani inda malami da ɗalibai duka suka yi wasan. Malamin da kansa ya ƙara fahimtar yadda ake haɗa sauti da harafi, ya kuma san abin da zai ɗora a kai a allo. Hausa tana da sa'a a nan, domin rubutunta na boko yana bin furuci kusan sak, don haka irin wannan wasa zai yi mata daidai, muddin aka kula da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ.

Sai dai ba kowane wasa ne ke koyarwa ba. Akwai waɗanda ƙara da launi kawai suke da su, yaro ya yini yana latsawa bai ƙaru da kome ba. Akwai masu cike da talla, akwai masu jan yaro zuwa caca, akwai masu tattara sunansa da hotonsa ba da sanin iyaye ba. Hukumar UNESCO, a rahotonta na 2023 kan fasahar zamani cikin ilimi, ta yi gargaɗin cewa hujjoji masu ƙarfi kan amfanin irin waɗannan kaya kaɗan ne, da yawansu kuma daga masu sayar da kayan suke fitowa. Wa zai tace wa yaro tsaba daga tsakuwa? Malami ne, in an horar da shi. Shi zai san cewa wasan na minti 15 ne don ƙarfafa darasin da ya riga ya bayar, ya san abin da yake son yaro ya iya bayan wasan, ya kuma gwada shi da alli a allo ya ga ko ya iya.

Saboda haka babban amfanin intanet a gare mu a yau yana wajen ƙara wa malami sani yana kan aikinsa. Muna da makarantun horar da malamai, irin su Askiya Muhammadu a Damagaram, Kawusan a Tawa, Bawa Jan Gwarzo a Maradi da Mali Bero a Doso. Muna da cibiyar INDRAP, wadda tun shekarun 1970 take shirya littattafai da kayan koyarwa. Muna da tarukan CAPED, inda malaman yanki guda ke haɗuwa su yi darasin gwaji su gyara wa juna. Amma ƙasarmu tana da faɗi, ta fi murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 200, sufeto da mai ba da shawara ba su da isassun motoci da mai, malamin da ke ƙauye mai nisa yana iya shekara bai ga wanda zai duba aikinsa ba. Wannan giɓi ne salula za ta iya cikewa. Ana iya ɗaukar hoton bidiyo na minti biyar na ƙwararren malami yana koyar da raba lamba a aji irin namu, mai yara da yawa da kaya kaɗan, a aika wa dubban malamai. Malaman CAPED guda suna iya buɗe zaure a WhatsApp, wanda ya gamu da wuya ya yi tambaya da murya, mai ba da shawara ya amsa kafin gari ya waye. Makarantun horar da malamai suna iya ɗora darussansu a kan manhaja irin Moodle, wadda kyauta ce, malami ya yi karatu ya yi gwaji daga inda yake. Kuma wajibi ne a lissafa masa wannan karatu wajen ƙarin girma, domin wanda ya yini a aji ya kwana yana nazari ya cancanci a ga bambanci a takardarsa. Duk wannan ƙari ne a kan haɗuwa ido da ido, ba ya ɗauke wa sufeto nauyin zuwa makaranta.

Mun san za a ce: ina wutar, ina layin? Gaskiya ne, mafi yawan gidajen ƙasar nan ba su da lantarki, a karkara abin ya fi tsanani, kuɗin intanet kuma yana da nauyi ga mai ƙaramin albashi. Mun ga haka a 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu daga watan Maris har zuwa 1 ga Yuni: ƴaƴan masu hali a birni sun ci gaba da karatu, ɗan ƙauye kuwa ya zauna. In ba a yi hattara ba, na'ura za ta ƙara nisa tsakanin birni da ƙauye, da tsakanin ɗa namiji da ɗiya mace. Maganin shi ne a zaɓi kayan da ke aiki ba sai da layi ba. Ƙaramin katin ajiya da ake sa wa salula yana ɗaukar littattafai da darussan murya masu yawa. Manhajar Kiwix tana ba mutum damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Rediyo ma bai tsufa ba, ƙasar da ta kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo tun farkon shekarun 1960 ta san darajarsa. Wuta kuwa, Allah ya hore mana rana. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana. Faranti guda a kan rufin makaranta ya isa ya caja salular malamai da ƴan na'urorin aji.

Shi dai wannan malami, a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, a watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya sanya Hausa harshen ƙasa. To na'ura ba ta magana sai da abin da aka zuba mata. In muka sayo kaya cike da darussan wasu ƙasashe, yaronmu zai ga dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa kafin ya ga gero da rijiya. Ana bukatar wasanni da darussa da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Kananci, da Tamajak da sauran harsunanmu, waɗanda suka bi tsarin karatun ƙasa. Wannan aiki ne na INDRAP da jami'o'i da samarinmu masu ilimin kwamfuta, tare da tsofaffin malamai da suka san inda yaro ke tuntuɓe. Kuɗin da za a kashe a nan a gida zai zauna.

Akwai kuma masu cewa: yaya za a yi zancen kwamfuta alhali dubban azuzuwa na zana ne da kara? Ba mu manta ba da gobarar Yamai ta watan Afrilun 2021 da ta Maradi ta watan Nuwamban 2021, waɗanda kowacce ta ci rayukan yara 20 ko fiye. Maganarsu tana da nauyi, kuma ita ce ta sa muke cewa kada a taɓa kuɗin gina aji, da na littafi, da na albashin malami, don sayen na'ura. Ba kowane yaro kwamfuta ya fi ƙarfinmu a yanzu. Amma sa darussa a salular da malami ya riga ya mallaka, da ba mai ba da shawara na'ura guda, da sauƙaƙa musu kuɗin layi, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Don haka muna kira ga hukumomin ilimi da su yi abu huɗu. Na farko, duk shirin da ya zo da na'urori, na gwamnati ne ko na masu taimako, a tambaye shi nawa ya ware don horar da malamai, wa zai yi gyara, da wane kuɗi za a ci gaba bayan ya tafi. Na biyu, a fara da gwaji a makarantu kaɗan na birni da na ƙauye, a auna karatun yara kafin da bayan, a bayyana wa jama'a sakamakon ko da bai yi daɗi ba. Na uku, a sa koyon aiki da waɗannan kaya cikin darussan makarantun horar da malamai, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, a fitar da jerin wasanni da manhajojin da aka duba aka amince da su, tare da ƙa'idar kare sirrin yara.

Ku malamai, kada ku ji tsoro ko kunya. Wanda ya iya aika saƙon murya ya riga ya kama hanya, wanda ya fi sani ya koya wa ɗan uwansa a taron CAPED. Ku iyaye, musamman ku da kuka sha wuyar koyon karatu da girma kuka san daɗinsa, ku shiga kwamitin makarantar garinku, ku tambayi abin da aka kawo da abin da ake yi da shi. A gida kuma ku duba abin da yaro ke kallo, ku sa ya karanta muku saƙo, ya rubuta muku amsa, ya lissafa muku cinikin kasuwa. Ku hakimai da masu gari, kayan makaranta amana ce a hannunku, kada ku bari faranti ko batir ya ɓace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba malamanmu haƙuri da basira, ya sa wa karatun ƴaƴanmu albarka, ya taimaki ƙasarmu Nijar. Amin.